Kundin Zauren Harsuna Uku a Gombe: Faransanci, Larabci da Sinanci

11 ga Janairu, 2025

Yau aka buɗe zaman farko a wani zaure da ke Tudun Wada, cikin garin Gombe. Abin da aka sa a gaba shi ne tsara hanyar da mai jin Hausa zai bi ya koyi Faransanci da Larabci da Sinanci daga Hausa kai tsaye, ba sai ya ratsa ta Turanci ba. Za a riƙa rubuta abin da ya yi aiki da abin da ya ƙi, domin mai son kafa irin wannan zaure a Bajoga ko Kaltungo ko Azare ya samu inda zai dafa. Masu zuwa manya ne masu abin yi: 'yan kasuwa, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da ɗaliban jami'a. Awa ɗaya a rana ita ce iyakar abin da kowa zai iya warewa, sai zaman haɗuwa na awa biyu ranar Asabar bayan la'asar.

Zaɓen harsunan ba na ganin dama ba ne. Ƙasashe huɗun da muke iyaka da su, Nijar da Chadi da Kamaru da Binin, duk ana aiki da Faransanci a ofisoshinsu, kuma hanyar Yola zuwa Garwa ba baƙuwa ba ce ga fataken Gombe. Tun 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana shi harshen hukuma na biyu, sai dai ga yawancinmu bai wuce darasin ƙaramar sakandare da aka manta ba. Larabci kusan kowa ya iya karanta shi tun makarantar allo, amma kaɗan ne za su iya tambayar hanya da shi a Jidda. Sinanci kuwa buƙatar masu sayo kaya ce daga Guangzhou da Yiwu, waɗanda suka gaji da dogaro da tafinta wajen ciniki.

Lissafin lokaci shi ya yanke tsarin. Makarantar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana buƙatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci, Larabci da Sinanci kuwa kowanne awa 2,200. Awa ɗaya a rana awa 365 ce a shekara. In aka raba ta uku, kowane harshe zai tashi da awa 120, wadda ba za ta kai mutum ko'ina ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Don haka Faransanci zai ɗauki minti 40 kullum, Larabci minti 20, Sinanci ya jira sai bayan ƙaramar salla.

Wancan ƙiyasi na Bature ne, ba namu ba, shi ya sa aikin farko da aka ba kowa shi ne ya rubuta duk harsunan da ke bakinsa. Ban da Hausa da Turanci, an samu Fulatanci, Tera, Tangale, Waja, Bolanci da Barbarci. Wannan jeri da shi za a yi amfani wajen haɗa mutane biyu-biyu, domin sautin da ya gagari wani yana nan a harshen uwar wani.

25 ga Janairu

Furuci zalla aka yi tun daga ranar farko, ba a taɓa nahawu ba. Hausa tana da wasula biyar, kowanne da gajere da dogo. Faransanci yana da fiye da goma sha biyu, kuma uku ko huɗu daga ciki ta hanci suke fita.

Matsala ta farko ita ce p da f. Bahaushe da leɓɓansa biyu yake furta f, shi ya sa pain (burodi) da faim (yunwa) suke zame masa abu ɗaya. Haka v da b: vin da bain, vous da bout. Gyaran na ido ne kafin ya zama na kunne. A f da v haƙoran sama suna sauka a kan leɓen ƙasa, a p da b leɓɓa suna rufewa ruf sannan su buɗe. Kowa ya zo da ƙaramin madubi, minti biyar kullum. Masu jin Fulatanci ba su da wannan matsala, tun da Pullo da Fulɓe suna bakinsu tun yarinta, kuma sautin ny na nyiiri shi ne gn na montagne. Saboda haka kowane Bafulatani an haɗa shi da wanda ba ya jin Fulatanci, shi ne alƙalin kunnensa.

Wasalin u na tu da rue babu shi a Hausa, kuma in aka furta shi irin namu sai tu ta koma tout, rue (titi) ta koma roue (taya), dessus (sama) ta koma dessous (ƙasa). Hanyar da ta yi aiki: a ja dogon i, a riƙe harshe a inda yake, sannan a turo leɓɓa gaba kamar mai shirin fito. In harshe ya ja baya, an ɓata. Duk wahalar da aka sha a nan ba asara ba ce, domin wannan wasali zai sake fitowa a Sinanci.

Wasulan hanci sun fi ɗaukar lokaci. Mu a Hausa n ta ƙarshen kalma, kamar a nan da can, a bayan baki take rufewa, sai mai koyo ya liƙa ta a ƙarshen bon da banc. A Faransanci babu baƙi a wurin sam, harshe ba ya taɓa komai, iska ce kawai take bi ta hanci da baki a tare. Ana gwadawa da beau da bon, bas da banc, lait da lin.

Sai cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, trois ta zama turuwa, prix ta zama firi. Ana tafa hannu sau ɗaya ga kowace gaɓa, in aka ji tafi biyu a trois an san an ƙara abin da babu. Game da r ta maƙogwaro, wadda ta yi kusa da gain ta Larabci, mun yanke cewa ba za a ɓata mata lokaci ba. Da r irin tamu mutane da yawa ke magana a Yamai da Garwa, kuma kowa yana gane su.

An naɗi kalmomin da muryar wani ɗan Kamaru mazaunin Gombe, aka yanka su da manhajar gyaran sauti ta Audacity, aka matse zuwa mp3 na kilobit 64. Minti goma bai kai megabait biyar ba, kuma ranar Asabar ake tura wa juna daga waya zuwa waya don kada a ƙona data.

8 ga Fabrairu

Katunan bita sun so su rusa aikin. Manhajar AnkiDroid kyauta ce a wayoyin Android, kuma tana dawo wa mutum da kalma daidai lokacin da yake dab da manta ta. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon koyo, don haka bita mai tazara ta fi haddar dare ɗaya. Matsalar ita ce manhajar tana zuwa da sababbin katuna 20 a rana, kuma wannan yana kai mutum ga bitar kusan 200 kullum. Wanda ya buɗe Faransanci da Larabci a haka zai wayi gari da katuna 400. A daƙiƙa goma kowanne, awa ɗaya ta tafi da 'yan mintuna, ba a saurari komai ba, ba a yi magana da kowa ba.

An rage zuwa sababbi 8 na Faransanci da 4 na Larabci. In waya ta mutu saboda rashin wuta har bita ta taru, doka ita ce a mayar da sababbi sifiri sai an biya bashin.

An kuma sauya yadda ake rubuta katin. Kalma ita kaɗai ba ta zama. Yanzu kowane kati gajeriyar jumla ce da murya, gabansa Hausa, bayansa harshen da ake koyo, kuma ba a rubuta sunan Faransanci sai da un ko une, ba a rubuta na Larabci sai da jam'insa. Katin da aka faɗi sau takwas manhajar da kanta take yi masa alama. Irin wannan kati ba taurin kai gare shi ba, yawanci abu biyu aka cusa masa ko kuma ya yi kama da wani katin, sai a raba shi ko a sauya jumlar.

Ga waɗanda wayarsu ba ta ɗaukar manhaja an yi akwatin kwali mai gida biyar, tsarin da Sebastian Leitner ya fitar a 1972. Gida na ɗaya ana duba shi kullum, na biyu bayan kwana biyu, na uku kwana huɗu, na huɗu mako, na biyar mako biyu. Katin da aka ci ya matsa gaba, wanda aka faɗi ya koma gida na ɗaya ko daga ina yake. A rubuta da biro, fensir yana gogewa a aljihu.

22 ga Fabrairu

Larabci ya fi sauran biyun kusa da mu, kuma kusancin nan shi ne ribarsa, shi ne kuma tarkonsa. Hausa da Larabci dangi ne na nesa, kuma akwai wuraren da ake ganin dangantakar ƙuru-ƙuru. Littafinka da littafinki su ne kitabuka da kitabuki. Ma- ɗin da muke yin makaranta da marubuci da mabuɗi da ita, ita ce a maktab da mu'allim da miftah. Da zarar an nuna wa mutum haka, sarfu, wato ilimin ginin kalma, ya daina ba shi tsoro: daga baƙaƙe uku k-t-b ake samun kataba, katib, maktub, kitab da maktaba, kamar yadda daga rubuta ake samun rubutu, rubutacce da marubuta. Yanzu duk sabuwar kalma sai an nemo saiwarta kafin a yi mata kati.

Tarkon yana cikin kalmomin aro. Mun ari dubbai, amma mun lanƙwasa su zuwa bakinmu. Lalura da alwala da farilla da alƙali duk da baƙin dad suke a Larabci, mu muka mai da shi l. Labari daga khabar yake, hankali daga aƙl. Wasu kuma ma'anarsu ta gusa. Wasiƙa a wurinmu saƙo ce, amma wathiƙa takardar shaida ce, saƙo risala ne. Nahiya a Larabci gefe ne ko yanki, abin da muke kira nahiyar Afirka su ƙarra suke cewa. An buɗe jeri na musamman don irin waɗannan, kowace kalma da furucinta na asali da ma'anarta a can.

Babban cikas shi ne karatu ba wasali. Wanda ya tashi da allo ya saba kowane baƙi da wasalinsa, ga shi kuma rubutun Warshu yana sa wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, alhali jaridu da allunan hanya suna sa wa fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. An tsara matakai uku da nassi guda: ranar farko da wasulla cikakku, rana ta biyu a bar su a kan aikatau kawai, rana ta uku a cire duka. Nassin kada ya wuce layi shida. Abu ɗaya na nahawu da aka dage a kai shi ne jam'in abin da ba mutum ba ana ɗaukarsa tilo mace: al-kutubu jadida, littattafan sababbi ne.

An kuma faɗa wa kowa gaskiya cewa Fusha, wato Larabcin littafi, ba ita ake yi a kasuwa ba. Mai shago a Jidda zai ce esh (me) da abgha (ina so), Balaraben Shuwa ko ɗan Chadi ya ce shunu da nidor, kuma dukansu ƙaf ɗinsu g ce. Za a ci gaba da Fusha, tare da jumloli talatin na Larabcin Hijaz, wato yankin Makka da Jidda, don maniyyata.

8 ga Maris

Azumi ya kama. Zaman Asabar ya koma safiya, sababbin katunan Faransanci sun sauka zuwa 4, kuma an juya rabon lokaci: Larabci minti 40, Faransanci 20, tun da kunne yana cike da Larabci a wuraren tafsiri. Aikin kowa shi ne ya kawo kalmomi biyar da ya ji a tafsiri, da saiwarsu da jam'insu.

12 ga Afrilu

A ƙarshen watan jiya hukumomin Nijar suka fitar da sabon kundin tafiyar da ƙasa wanda ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Abin farin ciki ne ga duk mai kishin Hausa. An tattauna ko hakan zai rage buƙatar Faransanci a zauren, aka ga ba zai rage ba, domin takardun kwastan da na asibiti da na makaranta ba rana ɗaya suke sauya harshe ba, Kamaru da Chadi da Binin kuma suna nan yadda suke.

An fara Sinanci, minti 15 kullum da aka yanko daga kason Faransanci. Littattafan da ke kasuwa an rubuta su ne don mutanen da harshensu ba shi da karin sauti, shi ya sa suke shafe babi guda suna lallashin mai karatu ya yarda cewa murya tana sauya ma'ana. Bahaushe ba ya buƙatar lallashi. Wuya ta jiki sama-ƙasa ce, wuya ta wahala ƙasa-sama, kuma ba yaron da ke rikita su. Abin da ake buƙata shi ne a ɗora karin Sinanci huɗu a kan namu.

Kari na ɗaya sama ne a miƙe, irin na ruwa. Na huɗu faɗau ne, daidai da na mai, wato man gyaɗa ko na mota, har ma kalmar mài (sayarwa) haka ake furta ta. Na uku littattafai suna zana shi yana sauka yana tashi, amma cikin magana yawanci ƙasa kawai yake zama, don haka mun koyar da shi a matsayin karin ƙasa, kuma mǎi (saye) ta rabu da mài nan take. Ga ɗan kasuwa wannan bambanci shi ne komai. Na biyu shi ne baƙo, domin Hausa ba ta da kari mai tashi a gaɓa ɗaya. Ana gunguna wuya ta wahala baki rufe, a yi ta matse ta har gaɓoɓin biyu su narke su zama ɗaya. In na uku biyu suka haɗu, na farkon yana komawa na biyu, shi ya sa nǐ hǎo ake jin ta ní hǎo.

Abubuwa uku na Hausa suna jawo kuskure. Na farko, muryarmu tana gangarowa a hankali har ƙarshen jumla, sai kari na ɗaya ya zube in ya zo ƙarshe. Na biyu, muna sauya murya don tambaya, alhali a Sinanci ana ƙara ma ne a ƙarshe a bar kari yadda yake. Na uku shi ne n ɗin nan ta ƙarshen kalma: wàn (dubu goma) tana komawa wàng (mantuwa), qián (kuɗi) ta koma qiáng (bango). Dole kan harshe ya taɓa bayan haƙora a n.

Rubutun pinyin, wato rubuta Sinanci da haruffan boko, wanda Sin ta amince da shi a 1958, yana yaudarar mai karanta boko. Harafin c ba namu ba ne, ya fi kusa da ts mai fitar da iska. Wanda ya yi kusa da c ɗinmu shi ne q, x kuma kusa da sh. Wasalin ü na nǚ da lǜ shi ne u ɗin Faransanci da aka sha wahalarsa a Janairu, kuma a ju da qu da xu da yu shi ne dai, ɗigon kawai ba a rubutawa. An jinkirta rubutun Sinanci na asali sai kunne ya zauna.

3 ga Mayu

Harsuna sun fara cakuɗewa. Mutum yana tsakiyar jumlar Sinanci sai oui ko mais ta faɗo, yana Larabci sai avec ta shigo. Ba Hausa ke kutsowa ba, ba kuma Fulatanci ba. Harsunan da ba su zauna ba su ke shiga gonar juna, musamman ƙananan kalmomi irin su i da amma da kuma.

An ɗauki matakai. Kowane harshe da lokacinsa: Larabci bayan asuba, Sinanci da rana, Faransanci bayan isha'i, kuma ba a bin ɗaya da ɗaya sai an sami tazarar awa biyu aƙalla. Kowanne da littafin rubutunsa da launin katinsa. Ba a fassara daga sabon harshe zuwa wani sabon, komai ta Hausa yake bi. Ba a koyon batu guda, kamar launuka ko sassan jiki, a harsuna biyu cikin mako ɗaya. Ranar Asabar kuma kafin a fara magana da harshe ana sauraronsa minti uku baki shiru. A waya an sa manhajar rubutu ta Gboard da Hausa mai ƙugiya da Faransanci da Larabci da pinyin, kuma an kashe gyaran kalma na kai-tsaye, wanda ke ɓoye wa mai koyo kuskurensa.

24 ga Mayu

Mako uku aka ba ƙidaya, kowane mako harshe ɗaya, saboda a nan ne kuskure yake zama asarar kuɗi.

Faransanci lafiya lau yake har 69. Daga nan 70 sittin-da-goma ce, 80 ashirin sau huɗu, 97 kuma quatre-vingt-dix-sept, wato ashirin sau huɗu da goma sha bakwai. Mai saurare yana jin quatre sai ya rubuta 4, yana jin soixante sai ya rubuta 6, kafin mai magana ya ƙarasa. Dokar ita ce kada biro ya taɓa takarda sai lamba ta ƙare. Ana gwaji da lambobin waya na ƙirƙira, biyu-biyu kamar yadda suke karanta su. Akwai kuma lissafin sefa: a kasuwannin Nijar dala ɗaya faran 5 ce, jikka kuma 1,000. Cent francs ba dala ɗari ba ce, dala ashirin ce. An yi tebur daga faran 25 zuwa 10,000 da Faransanci da Hausar Nijar gefe da gefe.

A Larabci gomiya tamu ce, daga ashirin har casa'in can muka aro su. Sai dai su ɗaya-ɗaya suke fara faɗa: 45 khamsa wa arba'un, biyar da arba'in, sai mai gaggawa ya rubuta 54. Alƙaluman da ake rubuta farashi da su a Saudiyya ma suna da nasu tarkon: biyar kamar sifiri take, sifiri ɗigo ne, shida kuma kamar bakwai ɗin boko.

Sinanci ya fi sauƙi har 9,999, sannan sai ya rabu da mu. Mu da dubu muke ƙirga, su da wàn, dubu goma. 35,000 wàn uku da dubu biyar ce, 250,000 wàn ashirin da biyar. Dabarar da ta zauna ita ce a sake sa waƙafi bayan lambobi huɗu daga dama, 25,0000, a karanta abin da ke hagu a ce wàn. Sì (huɗu) da shí (goma) suna rikita kunne, kuma mutanen kudancin Sin da yawa ba sa bambanta s da sh, don haka kari ne abin dogaro, tare da neman a rubuta farashi a na'urar lissafi. Biyu kuma iri biyu ce: èr a ƙidaya, liǎng in ana ƙirga kaya, liǎng xiāng katan biyu.

21 ga Yuni

Jinsi a Faransanci. Samun namiji da mace a Hausa ya sa ba a sha wahalar fahimtar batun ba, amma ya jawo ɗauko jinsin Hausa ana ɗora wa kalmar Faransanci. Mota mace ce, voiture ma haka, sai mutum ya saki jiki. Amma rana mace ce a wurinmu, soleil namiji, wata namiji ne, lune mace. A Larabci kuwa shams mace ce, ƙamar namiji, daidai da Hausa. Ba wata dabara sai haddar kalma da un ko une, tare da 'yan ƙarshen da ba su cika saɓawa ba: masu ƙarewa da -tion da -té galibi mata ne, masu -ment da -eau galibi maza.

Kuskuren da ya fi yawa a rubutun watan nan shi ne son da sa. Saboda sa ta yi kama da -sa ɗinmu, ana ɗaukarta ta namiji, ko kuma a bi Turanci a ce son na namiji ne, sa na mace, a rubuta sa père da nufin ubanta. Bayanin da ya warware shi daga Hausa ya fito. A gidansa da motarsa, n da r suna nuna jinsin abin da aka mallaka, sa da ta suna nuna mai shi. Son da sa aikin n da r suke yi. Sa voiture motarsa ce ko motarta, son père ubansa ne ko ubanta. Togiya ɗaya: in kalma mace ta fara da wasali, son ake sawa, son amie. Batun tu da vous bai ɗauki minti biyar ba, tun da mu ma ku muke ce wa babba.

An fara sauraron labaran Faransanci mai sauƙi na RFI, shirin minti goma da ke zuwa da rubutunsa. Minti goma ya yi yawa a wannan mataki. Ana ɗaukar labari ɗaya, a saurara sau biyu ba rubutu, sau ɗaya da rubutu, sannan a bi muryar ana maimaitawa. Ya fi sauƙi in an riga an ji labarin a sashen Hausa da safe.

12 ga Yuli

An yi gwajin DELF A1, jarrabawar Faransanci ta matakin farko, bisa tsarinta: sauraro minti 20, karatu 30, rubutu 30 wanda ya ƙunshi cike fom da saƙo na kalma 40 aƙalla, sai magana minti 5 zuwa 7 bayan shiri na minti 10. Kowane sashe maki 25 ne, ana ci da 50 cikin 100, amma wanda ya kasa samun 5 a sashe ɗaya ya faɗi ko nawa ya tara. Karatu da magana sun yi kyau. Sauraro ne ya ja baya, kuma dalilin a fili yake: kunne ya saba da murya ɗaya, ga haɗewar kalmomi irin ta les amis da vous avez, inda baƙin da ba a furtawa yake farfaɗowa. Za a ƙara muryoyi uku, har da ta mace da ta Bafaranshe, kuma minti 10 na kason Faransanci zai koma shifta.

Ƙauyen koyon Faransanci na Badagry da na Larabci da aka kafa a Ngala don ɗaliban manyan makarantu aka yi su, ba don masu shago da ma'aikata ba. Madadinsu a nan shi ne rabin awar ƙarshe ta Asabar, wadda daga yau ba a Hausa a cikinta, tare da gayyato baƙo mai harshen, ɗan Kamaru ko Chadi ko Balaraben Shuwa.

Damina ta rage masu zuwa, saboda wasu suna gona a Kumo da Deba. An tura musu darussan murya na mako huɗu, an tsayar musu da sababbin katuna har ƙarshen noma na biyu.

Matsayin aiki: a Faransanci an shiga shuɗaɗɗen lokaci, kuma mako mai zuwa za a ware aikatau masu ɗaukar être, irin su aller da venir da partir. A Larabci an kai mataki na uku da nassin layi shida, za a ƙara zuwa goma. A Sinanci ana bin jerin kalmomi 150 na matakin farko na tsohon tsarin HSK, jarrabawar ƙwarewa a Sinanci, kuma daga Agusta za a fara gane haruffa biyu a rana, ana farawa da na lambobi da na kuɗi. Waɗanda suka haura maki 70 a gwajin yau za su tuntuɓi cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française da ke Jos ko Kano don sanin ranar rajistar jarrabawar, sauran kuma za a sake gwada su a ƙarshen Satumba.